Amsa ga 'yar Nima: allurar barci da aikin zuciyar Baba

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun jiya da dare amma ina kan aiki, sai yanzu na samu na zauna. Bari in maimaita ta a gajarce saboda masu karantawa. Kin ce Baba shekararsa 63, yana da suga da hawan jini, likitocin zuciya a asibitin Korle Bu da ke Accra sun ce bawul ɗin da jini ke fita ta cikinsa daga zuciya ya tsuke, za a canza shi, saura kamar wata ɗaya. Sai mutanen gidanku a unguwar Nima suka tada miki hankali wai tsoho in aka yi masa allurar barci ba ya tashi, kuma kina so ki san me za ku yi kafin ranar da kuma bayanta.

To ni aikina ke nan, sa mutum barci a tiyata da zama a kansa har a gama, kuma maganar nan ta "ba ya tashi" na sha jinta, har a gidanmu. Na san inda ta samo asali. Mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki, a kawo mutum tsakar dare jini ya zuba ko hanji ya fashe, a shiga da shi ba shiri, in Allah ya karɓi abinsa sai a ce allura ce, alhali ciwon ne ya riga ya gama da shi. A ƙasashen da ake ƙirga irin waɗannan abubuwa, mai ƙoshin lafiya ya mutu saboda maganin barci kaɗai bai wuce kamar mutum 1 cikin 100,000 ba. Baba ba ya cikin masu ƙoshin lafiya, ba zan yaudare ki ba, aikin zuciya babban aiki ne, akwai zubar jini, akwai shanyewar ɓarin jiki, akwai taɓuwar ƙoda, kuma haƙƙinku ne ku zaunar da likitan tiyatar ya faɗa muku haɗarin Baba shi kansa nawa ne. Amma ki sa ɗaya gefen a sikeli. Irin wannan tsukewar bawul in ta yi tsanani har mutum ya fara suma ko haki, aka bar ta ba aiki, yawanci shekara 2 zuwa 3 ake magana, kuma babu ƙwaya ko jiƙo da ke buɗe bawul ɗin da ya ƙandare.

Aikin ma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1964 Farfesa Charles Easmon ya buɗe zuciya a Korle Bu ya toshe huda, lokacin ba su da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu ma, sanyaya jikin mara lafiya suka yi. Cibiyar zuciyar da za ku je kuma Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa ta a 1989.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne, abin da ke ba mu tsoro a tiyata ba shekarun mutum ba ne, abin da aka ɓoye mana ne. Akwai ranar da za a kira ku ganin likitan barci kafin aiki, ki tabbata kin raka shi, domin na san iyayenmu, in dokta ya ce Alhaji yaya jiki sai ya ce alhamdulillahi da sauƙi, ko da jiya ya faɗi a hanyar masallaci. Ki zuba duk abin da yake sha a leda ki kai, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har kwalbar da wani ya kawo daga ƙauye ba suna a jiki. Babu mai yi muku faɗa. Tafarnuwa da citta da ire-irensu in ana shansu da yawa a matsayin magani suna iya sa jini ya ƙi tsayawa, wasu jiƙe-jiƙen kuma suna wahalar da ƙoda da hanta, shi ya sa muke cewa a ajiye duk na gargajiya sati 2 kafin aiki. In yana shan sigari ko shisha ya bari yau ɗin nan, sati 4 ya isa huhu ya fara nuna bambanci. In yana shan tiramol saboda ciwon jiki, ko maganin barci, ko na ƙarfin maza (na san wannan da nauyi tsakanin 'ya da uba, ki fita ki bar shi da likitan minti biyu), dole mu sani, don duk suna canza yadda maganinmu ke aiki.

Magungunan asibiti kuma kar ku tsayar da ko ɗaya da kanku, kar kuma ku ci gaba da ko ɗaya da kanku, ki sa a rubuta muku a takarda ɗaya bayan ɗaya. A bisa al'ada dai, masu rage gudun zuciya irin su atenolol da bisofurolol ana shansu har safiyar aikin da ɗan kurɓin ruwa, yanke su kwatsam shi ne haɗari. Maganin kitse ma ana ci gaba. Lisinofiril da losatan na hawan jini galibi mukan ce a tsallake na ranar ƙarshe saboda suna sa jini ya faɗi ƙasa in an yi barci. Plavix da wafarin, masu tsinka jini, ana tsayarwa kamar kwana 5 kafin, asfirin kuma likitan tiyata ne zai ce. Metfomin na suga ba a sha ranar aiki, insulin kuma ana rage shi ne ba a yanke ba. In insulin ɗinsa irin mai farin ruwan nan ne kamar madara, Mixtard da 'yan uwansa, ki faɗa da bakinki, haka in kifi na sa shi ƙaiƙayi ko kumburi, zan faɗa miki dalili a gaba.

Za ki ga an tura shi wajen likitan haƙori ki ce me ya haɗa haƙori da zuciya. Ruɓaɓɓen haƙori gidan ƙwayoyin cuta ne, suna bin jini su je su zauna a kan sabon bawul, wannan kuwa bala'i ne da ya fi ciwon farko. Gara a cire shi yanzu. Za a duba sikila ko da bai taɓa ciwo ba, don a Ghana masu ɗauke da rabin sikila suna da yawa ƙwarai kuma a aikin nan ana sanyaya jiki, mai AS ana yi masa lafiya lau amma sai mun sani. Za a duba zazzaɓin sauro, ƙoda, yawan jini, da gwajin sugan wata uku. Ku kuma fara neman masu bada jini tun yanzu, samarin gida da na majalisa, kar sai ana gobe ki fara kiran waya. Maganar kuɗi kuma kin riga kin sani katin inshora na NHIS bai ɗauki aikin zuciya ba, ki tambayi ofishin jin ƙai na asibitin da gidauniyar taimakon masu ciwon zuciya ta Ghana Heart Foundation da wuri.

Sai azumin tiyata. Ƙa'idar ita ce abinci awa 6 kafin, ruwa zalla awa 2, amma in sun ce daga sha biyun dare to ku bi nasu. Koko abinci ne. Fura abinci ce, shayi da madara abinci ne, goro ma haka. Na taɓa samun wani dattijo a wani asibiti da na yi aiki, an gama shiri kaf, jini na firij, ma'aikata sun fi goma suna jira, na sunkuya zan sa masa abin shaƙar iska sai na ga ɗigon koko a gemunsa. Na ce Baba me kuka sha, ya yi shiru, ashe Hajiya ce ta zo da asuba da fulas a cikin mayafi, wai kar ya shiga da yunwa. Wallahi ƙauna ce, amma da na sa shi barci kokon nan ya dawo ya zube a huhu da wani labarin ake. Dole aka ɗaga aikin, ta zauna a baranda tana kuka. Ki gaya wa Umma wannan labarin tun yanzu.

Ranar aikin ga yadda abin ke tafiya, don in kin sani zaman jiran zai fi miki sauƙi. Ɗakin akwai sanyi sosai. Kafin ya yi barci za mu kashe masa wuyan hannu da 'yar allura mu sa siririn roba a jijiyar da ke bugawa, daga nan muna ganin hawan jininsa bugu bayan bugu a allo, ba sai an jira abin matse hannu ba. A irin ciwon Baba wannan ba na wasa ba ne. Zuciyar da ta yi shekaru tana tura jini ta ƙaramar kafa ta yi kauri, ita kanta tana buƙatar jini mai ƙarfi kafin ta ƙoshi, in hawan jini ya faɗi ko bugun ya yi sauri sai ta shiga uku. Shi ya sa ba ma tura maganin gaba ɗaya kamar yadda za a yi wa saurayi mai karaya. Kaɗan kaɗan, ido na kan allo, ɗaya hannun na riƙe da sirinjin maganin ɗaga jini da aka riga aka ja. Ina yawan ce musu su yi ta salati, kafin su kai na uku sun tafi. Bayan ya yi barci ne za a sa bututun numfashi a maƙogwaro, da wani layi a jijiyar wuya, da robar fitsari, inda akwai kayan kuma a zura wata na'urar hoto ta hanyar abinci ta tsaya bayan zuciya muna kallon bawul ɗin. Duk wannan bai san ana yi ba.

Kuma ba allura ɗaya ce ake yi a tafi a bar mutum ba, nan ne mutane ke kuskure. Maganin yana shiga ne a hankali tun farko har ƙarshe, ta iska ko ta jijiya, ana ƙarawa ana ragewa, in aka rufe shi jiki ya fitar da sauran mutum ya farka. Awa 4, awa 6, muna nan a kansa ba inda za mu.

Sai babban wajen. Ba a ɗinka bawul a zuciya tana bugawa cike da jini, don haka akwai na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci, wani likita a Amurka John Gibbon ne ya fara cin nasara da ita a 1953. Jini na fita ta roba, na'ura ta sa masa iska ta mayar jiki, akwai ma'aikaci na musamman da ba ya ɗaga ido daga kanta. Kafin a hau, ni zan tura maganin tsinka jini, hefarin, mai yawan gaske, ana auna shi da nauyin mutum, mu ɗibi jini mu gwada. Jinin da ke daskarewa cikin kamar minti 2 sai mun ga ya wuce daƙiƙa 400 zuwa 480 bai daskare ba kafin in ce a hau. A ɗan sanyaya jiki zuwa wajen digiri 32 a ma'aunin Celsius, a matse babbar jijiya, a zuba wa zuciya wani ruwan sanyi mai sinadarin fotasiyam, sai ta kwanta shiru, layin nan na allo ya miƙe sambal. Ranar da na fara gani ina ɗalibi sai da ƙafata ta yi sanyi, na ce a raina inna lillahi, na waiga na ga kowa na aikinsa hankali kwance. Mutum bai mutu ba, ƙwaƙwalwa da ƙoda na samun jini daga na'ura, zuciyar ce aka ba hutu don kar ta lalace. In an gama ɗinki a ɗumama jiki, a saki jijiyar, jini mai ɗumi ya wanke fotasiyam ɗin, sai ki ga ta fara motsi da kanta kamar kifi a kwano. Wani lokaci sai an ɗan taɓa ta da lantarki. Har yau in na ga wannan sai na yi tasbihi.

Sauko da shi daga na'urar shi ne lokacin da gumi ke karyo mana, ba lokacin sa barci ba. Ana rage aikin na'ura a hankali ana mayar wa zuciya kayanta, in ta nuna gajiya mu tallafe ta da magani. Sannan a tura furotamin ya kashe hefarin ɗin jini ya koma daskarewa. Shi furotamin asalinsa daga kifi aka samo shi, kuma shi ne ke cikin farin insulin ɗin nan, wanda jikinsa ya saba da shi yakan iya yi masa bore, dalilin tambayata ta ɗazu ke nan. In mun sani sai mu tafi a hankali da shirinmu.

Akwai maganar da in ban faɗa ba wani zai faɗa muku a mummunan lokaci. Yawancin hefarin na duniya daga hanjin alade ake haɗa shi, kuma bawul na nama akwai na saniya akwai na alade. Hefarin kam shi ne ake hawa na'ura da shi kusan ko'ina, malamai da yawa sun sa shi a babin larura, amma ni ba malami ba ne, ku je wa malaminku yanzu da sauran lokaci, ba ana gobe ba. Bawul kuwa akwai zaɓi. Na ƙarfe ba ya tsufa amma wafarin har ƙarshen rayuwa da gwajin INR (na auna tsinkewar jini) a kai a kai, kuma yana ƙara cik cik kamar agogo in dare ya yi. Na nama ba ya buƙatar wafarin na har abada amma yana gajiya, shekara 10 zuwa 15 ko sama da haka. A 63 Baba na tsakiya, duka biyun suna yiwuwa. Ni a ganina tambayar ita ce, Baba mutum ne mai riƙe magani da zuwa asibiti, ko irin wanda in ya ji sauƙi sai ya watsar ya tafi Salaga wata uku? Ke kika san amsar, ki faɗa wa likitan gaskiya.

In an fito ba za ki same shi a farke ba, kar gabanki ya faɗi. Da gangan muke barinsa cikin barci a kai shi ɗakin kulawa ta musamman da bututu a baki, sai jiki ya ɗumama, jini ya tsaya, sannan a rufe maganin, in komai lafiya cikin awa 6 ko zuwa safiya an cire. Za ki gan shi fuska a kumbure, robobi na fita ƙasan ƙirji da jini jini a ciki, 'yan wayoyi, na'urori na ta ƙara. Haka kowa yake. In Umma mai raunin zuciya ce ki fara shiga ke kaɗai. Kwana na biyu zuwa na uku abu biyu kan faru da ke firgita dangi. Ɗaya bugun zuciya ya rikice ya yi ta sauri, kusan mutum 1 cikin 3 na samun wannan bayan aikin zuciya kuma yawanci magani na gyara shi. Ɗayan kuma ruɗewa, tsoho ya ce an sace shi, ko yana ganin mutane a bango, ko ya zagi nas alhali bai taɓa zagi ba. Ba aljanu ba ne, ba kuma hauka ba, rashin barci ne da magunguna da wahalar aiki, yana wucewa. Ku kawo masa tabarau da carbinsa, ki riƙa gaya masa yau wace rana ce da inda yake, ki kuma sanar da nas.

In yana jin zafi ya faɗa, jarumta ba ta da amfani a nan, wanda ƙirji ke masa zafi ba ya jan numfashi sosai ba ya tari, majina ta taru ta zama ciwon huhu. A ba shi filo ya rungume in zai yi tari. Za su tada shi zaune washegari su sa shi takawa, kar ki ce mugunta ce. Suga kuma za a riƙe shi ƙasa da 10 a ma'aunin mmol/L ko da da insulin ne na ɗan lokaci, saboda suga mai yawa shi ke hana ƙashin ƙirji haɗewa ya kawo ruɓa, to dan Allah kar a shigo da Malta da lemo a ɓoye.

Sai dubiya, ciwonmu na Zango. Na san in aka ji Alhaji ya fito rabin Nima da Mamobi za su cika mota. Ki zama mara kunya na sati biyu, mutum biyu uku sun isa, mai mura ya gaishe shi ta waya. Addu'a a yi ta yi, amma tofi ba a kan ciwon ba, kuma kar a shafa komai a ɗinkin, ko man kaɗanya ko zuma ko habbatus sauda.

A gida, ƙashin ƙirjin da waya aka ɗaure shi, sati 6 zuwa 8 yake ɗauka. Kar ya ɗaga abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5, ba galan ɗin ruwa, ba ɗaukar jika, ba tuƙi. Salla a zaune kan kujera tukuna, don dafa ƙasa da hannu a tashi daga sujada yana jan ƙashin. In za ku koma asibiti ku ɗauki tasi ya rungume filonsa, ramukan hanya a torotoro (bas ɗin haya) ba za su yi masa daɗi ba. In an sa shi kan wafarin ba a ce ya bar miyar ayoyo ko kuka ko kontomire (ganyen gwaza) ba, a'a, ya ci daidai yadda ya saba, kar wannan satin kullum ganye wancan satin babu, shi ke rikita gwajin, kuma ba maganin ciwon jiki na kemis sai farasitamol. Azumi in ya zo kusa a tambayi likitansa tukuna. Zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga ɗinki, jin ƙashi na motsi, haki da ke ƙaruwa, baƙin bayan gida, karkacewar baki ko nauyin hannu, waɗannan ba a jira ranar da aka rubuta a kati, ko tsakar dare ne ku tafi, kuma kar a ce maleriya ce a sayi magani a sha.

Allah ya ba Baba lafiya ya sa a yi a sa'a. Ki ɗauki hoton kwalayen magungunansa gaba da baya ki turo min, har da na gargajiyan, in duba in gaya miki waɗanda za ki fi jaddada wa likitan barcin ranar da za ku gan shi.